Lamba Biyu

Bazara ta sauka Kaduna ba sallama,
kwalta na narkewa a Kakuri kamar kitse a kasko.
Ina cikin Fijon da Baba ya bar mana,
na murɗa maɓallin esi har ƙarshe,
sai ta huro mini numfashin tanda.

Barau na Panteka ya leƙa, ya tsotsi haƙori:
“Dubu tamanin, Malam. Kwamfiresa ya mutu.”
Na shafa aljihu.
Albashin malamin firamare
ba ya jin wannan yare.
Na ce masa sai na dawo,
mu biyun mun san ba dawowar zan yi ba.

Asabar da hantsi, gindin darbejiya,
na ɗaga bonet, na tokare shi da guntun taɓarya,
na zazzage akwatin ƙarfen Baba a kan buhu:
sifana goma, sifana sha uku,
filaya mai giɓi,
tsumman da har yau bai rabu da warin baƙin mai ba.
Shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaure irin waɗannan motoci,
ni kuwa ko taya ban taɓa kwancewa ba
sai bayan mun dawo daga maƙabarta.

Ladidi ta riƙe mini fitilar waya,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.
Jatau maƙwabci ya jawo benci, ya zauna kallo:
“Malam, alli daban, sifana daban.
Sauke gilashi kawai, iskar Allah kyauta ce.”
Ban tanka ba. Gumi ya tanka, ta haɓa.

Na fara da fiyus, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na bakwai ya yi baƙi, cikinsa a tsinke.
Na sa sabo, na tayar,
sai na ji ƙas! daga ƙasan inji.
Ashe wanda aka yi wa ta'aziyya a Panteka
barci kawai yake yi.

Amma sanyi bai zo ba.

Na kaɗa ruwan sabulu a kofin silba,
na bi tiyo da soso, gaɓa gaɓa,
bel ya ɗebe mini fatar yatsa,
na faɗi kalmar da ba na bari ɗalibaina su faɗa.
Ladidi ta yi kamar ba ta ji ba.
Can ta ce, “Abba, nan yana tofa kumfa!”
Na kwance wurin. Zoben roba ne,
bai kai na ƙaramin yatsanta ba,
ya bushe, ya tsage kamar diddige.
Naira ɗari uku.
Duk wutar nan da muke sha tun azumi,
ta wannan 'yar ƙofa sanyi ya gudu.

Gwangwanin gas na fari rabinsa iska ta sha,
na ɗaura bakin a karkace.
Jatau ya yi dariya har da tari.
Na biyu na bi shi a hankali,
hannuna a kan bututu,
har na ji ƙarfe ya fara raɓa.

La'asar sakaliya na rufe ƙofofi.
Iskar fari ta fito da warin daɗewa,
ta biyu ta zo da wani abu:
ɗan gumbar turaren da Baba ke shafa wa hula,
shekara shida yana kwance a hanyar iska
yana jiran wanda zai buɗe masa.

Na je na kamo hannun Inna,
na zaunar da ita a gaba, kujerarta ta dā.
Muka bi ta gada, kogi ya janye, duwatsu a waje.
Ba ta ce sannu ba, ba ta ce madalla ba.
Ta miƙa hannu kawai
ta dawo da maɓallin daga huɗu zuwa biyu.
“A nan yake barin ta,” in ji ta.
“Wai kada inji ya wahala.”